Ranar Da Aka Rufe Wa Malam Abdullahi Ƙofar Sakkwato

A ranar 20 ga Afrilu, 1817, Allah Ya yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo rasuwa a birnin Sakkwato. Labari ya kai Boɗinga, inda ƙanensa Malam Abdullahi yake zaune. Tsakanin garuruwan biyu ba wata tafiya ce mai nisa ba, mahayin doki zai yi ta a yini guda har da saura. Malam ya sa aka ɗaura sirdi, ya taho da jama'arsa. Da suka iso bakin ganuwa sai suka tarar da ƙofa a rufe. A cikin birni kuwa an riga an yi wa Muhammadu Bello, ɗan Shehu, mubaya'a. Masana tarihi da dama sun jingina shawarar rufe ƙofar ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma mijin Nana Asma'u, wanda ya zama wazirinsa.

Malam Abdullahi ya juya kan dokinsa ya koma.

Sai ka san wanda aka rufe wa ƙofar nan sannan za ka ji nauyin abin. Shehu ya girme shi da kamar shekara 12, kuma tun yana ɗan shekara 13 mahaifinsu ya damƙa karatunsa a hannun Shehu. Daga nan bai rabu da shi ba. Da shi aka yi yawon wa'azi a ƙasar Kabi da Zamfara, da shi aka zauna Degel, da shi aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. A Gudu, ranar da jama'a suka naɗa Shehu shugabansu, hannun Abdullahi ne ya fara shiga hannun Shehu. A watan Yuni na wannan shekara shi ya ja rundunar da ta karya Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, a shekarar da ta biyo kuma da shi aka ci Birnin Kabi. Shi ne wazirin Shehu. Shi ne malamin da har yau ake karanta tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, a zaurukan ƙasar Hausa. Bellon da aka naɗa kuwa ɗan wansa ne, ɗalibinsa ne, a gabansa ya durƙusa ya ɗauki karatu. A lokacin Bello yana da shekara 36, baffansa ya haura 50.

Kuma Abdullahi ba mutum ba ne mai sanyin rai wanda komai aka yi masa sai ya ce ba komai. Mutum ne mai tsauri a kan gaskiya, abu yana cin sa a zuci, kuma ba ya ɓoyewa. Shekara goma kafin wannan rana ya taɓa barin jama'ar baki ɗaya. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa sun cinye mafi yawan abokan karatunsa, a Tsuntsuwa kaɗai an rasa mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Da ya waiwaya sai ya ga waɗanda suka cike gurbinsu idonsu na kan sarauta da ganima da dawakai. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ana cikin tafiya yaƙi ya zare jikinsa daga runduna, shi da mutum biyar, suka fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Suka kwana uku a daji ba su ga kowa ba sai sawun giwaye. Da suka isa Kano, mutanen Kano suka riƙe shi, suka ce ba inda za shi sai ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya haƙura da tafiyar, ya komo wurin wansa.

Wannan shi ne karo na farko da baƙin ciki ya tura shi hanya ya kuma dawo. Na biyu ya fi wuya, domin a na farko mutanen duniya ne suka ɓata masa rai, a na biyu kuwa 'yan gida ne.

Ba zan zalunci mutanen Sakkwato ba, suna da tasu hujjar. Bello ne ya kafa birnin a 1809, shi ya ja yaƙin da ya ci Alƙalawa a 1808, kuma tun da Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812, gabas a hannunsa take, yamma a hannun Abdullahi. Sarakunan gabas, su Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi, da shi suka saba. Shehu ma a Najmul Ikhwani ya nuna cewa ƙanensa ya fi ƙarfi wajen tsare zahirin shari'a, ɗansa kuma wajen sanin siyasar jama'a. Ga shi ƙasa ba ta zauna ba, ana jin rasuwar Shehu garuruwa suka fara warware alkawari. Masu rufe ƙofa tsoron fitina suke yi. Amma hujja daban, ciwo daban. Ko da an yi gaskiya a zaɓen, hanyar da aka bi mai ƙuna ce, kuma ban ga yadda za a yi mutum ya zo ta'aziyyar ɗan'uwansa da suka yi shekara arba'in tare, a tsayar da shi a bayan ganuwa, a ce zuciyarsa ba za ta yi baƙi ba.

Duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan ya san abin da zuciya take raɗawa idan dare ya yi. Tana lissafa maka duk wahalar da ka sha, tana nuna maka fuskar kowane mutum da ya yi shiru ranar da aka ci mutuncinka. Ya kuma san irin baƙin da suke sallama a zaure a irin wannan lokaci, masu cewa, “Allah gafarta Malam, ai wannan ba abin da za a bari ba ne.” Abdullahi yana da duk abin da mai neman fansa yake bukata. Rabin ƙasa na hannunsa, yana da mayaƙa, yana da 'ya'ya da almajirai, yana da ilmin da zai kafa hujja da shi a gaban kowane malami. Da ya ɗaga tuta, da an samu masu bi.

Bai ɗaga ba. Sai dai kuma bai yi mubaya'a ba. Ya tattara ya koma Gwandu, ya kame bakinsa daga sha'anin Sakkwato. Abin da yake ransa game da shugabanci ya zuba shi a takarda, a wani ɗan littafi mai suna Sabilus Salama fil Imama, Bello kuma ya mayar da jawabi da alƙalami. Rigimar da za ta iya cin dubban rayuka ta tsaya tsakanin tawada da takarda.

Don a san cewa hatsarin na gaske ne, a dubi abin da ya faru da Malam Abdussalami a shekarar da Shehu ya rasu. Shi ma babban almajirin Shehu ne, Ba'are, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka tayar da jihadin Shehu tun farko. Shi ma yana ganin ba a ba shi abin da ya dace da wahalarsa ba, an ajiye shi a Kware, nan arewa da Sakkwato. Ƙorafinsa ba na banza ba ne gaba ɗaya, ya yi maganar zaluncin wasu masu riƙe da ƙasa, irin maganar da Abdullahi kansa ya sha yi. Wasiƙu suka yi ta kai da kawo tsakaninsa da Bello, wanda daga baya ya tattara labarin a Sardul Kalami. Ƙarshenta dai aka gwabza. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura. Mutum biyu ne, ciwo iri ɗaya, a shekara ɗaya. Har yanzu idan na karanta labarin Abdussalami ina jin tausayinsa, domin malami ne na gaske, kuma bakin ramin da ya faɗa a ciki, a nan Abdullahi ya tsaya shekara da shekaru bai faɗa ba.

Wani abu da yake taɓa ni shi ne, dukkansu sun san sunan cutar. A Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya gama a 1812, ya kawo yadda Shehu yake wa'azi, da yadda yake lissafa wa jama'a halayen zuciya masu halakarwa: jiji da kai, girman kai, hassada, ƙullaci, fushi a kan ɓarna, riya, son girma, munana zato ga Musulmi. Abdullahi ya fassara wa mutane wannan karatu ba sau ɗaya ba, Bello kuma da shi aka yaye shi. Faɗar sa a kan buzu abu ne mai sauƙi. Yanzu ga jarrabawar ta shigo har tsakar gidan Shehu, babu Shehun da zai raba.

Aka yi shekara uku ana haka, ba yaƙi, ba zumunci.

Sai ga tawayen Kalambaina. Ba Kalambainar da kamfanin siminti yake a gefen Sakkwato ba, wata ce kusa da Gwandu. Ragowar mutanen Abdussalami da wasu masu ƙin daular suka taru a can suka yi ƙarfi, har abin ya fi ƙarfin Abdullahi shi kaɗai. Wannan ya faru ne wajen 1820 zuwa 1821.

A nan jarrabawa ta koma kan Bello, kuma mutane sukan manta da rabonsa a labarin. Ga baffan da ya ƙi yi masa mubaya'a, yau ya shiga matsi. Mai mulki na yau da kullum ya san abin da ake yi da irin wannan dama: a yi jinkiri kaɗan, a bar tsoho ya ɗanɗana, ko a aika masa da sharaɗi, ko a tura wani bara da 'yan dawakai don a fita kunya. Bello ya tashi da kansa, ya ja rundunar Sakkwato, ya haɗu da ta Gwandu, aka ci Kalambaina.

Bayan ƙura ta lafa sai mutanen biyu suka fuskanci juna a kan dawakai, jama'a na kallo. Ga yadda aka ruwaito abin, kuma haka marubuta tarihin daular suka kawo shi. Bello ya zare ƙafa daga likkafa zai sauka, kamar yadda ɗa yake yi wa uba, ɗalibi yake yi wa malami. Abdullahi ya yi masa nuni da hannu ya zauna a kan sirdinsa. Sannan shi dattijon ya sunkuyo, ya gaishe da ɗan wansa da gaisuwar Amirul Muminina.

Ina ganin babu wanda ya riga wani a wannan wuri. Da Bello ya zo da ƙirji a buɗe yana jiran a gaishe shi, da wuya kalmar ta fito daga bakin Abdullahi, ko ta fito da ta fito da ɗaci. Da kuma Abdullahi ya bar shi ya sauka ya durƙusa, da ya karɓi girman baffa ya riƙe ƙullacinsa, kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi. Kowannensu ya ajiye abin da yake da haƙƙin riƙewa, kuma ajiyewar ɗaya ce ta sauƙaƙa wa ɗayan. Wanda ya yi yaƙin Tafkin Kwatto yini ɗaya ya ishe shi ya karya Gobirawa, amma wannan sunkuyawa ta ɗan lokaci sai da ta ci masa shekara uku. Ban ɗauki tsawon lokacin a matsayin aibi ba. Shi ne ma yake sa na yarda da labarin, domin haka zuciyar ɗan Adam take saukowa, a hankali, kamar kumburi.

Nakan tuna da wannan idan na ga yadda gaba take daɗewa a gidajenmu. A Sakkwaton nan akwai 'yan uwa ciki ɗaya da suka shekara goma ba sa gaisawa saboda rabon gado, akwai zuri'ar da ta rabe biyu a kan limancin masallaci ko sarautar unguwa, har yara suka tashi suka gaji faɗan da ba su san mafarinsa ba. Kowa ka tambaya zai ce shi aka zalunta, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Abdullahi ma an ɓata masa. Abin da ya yi shi ne ya hana ɓacin ran ya zama takobi tun yana ɗanye, ya ba shi lokaci, da ranar sulhu ta zo kuma bai tsaya neman a fara ba shi haƙuri a bainar jama'a ba.

Bayan Kalambaina ya saki mafi yawan harkar mulkin yamma a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga abin da ransa ya fi so tun yana yaro, karantarwa da rubutu. A cikin littattafan da ya bari akwai wanda ya sa wa suna Tahzibul Insani min Khisalish Shaiɗani, wato tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan. Wanda ya san labarin ƙofar Sakkwato ba zai karanta wannan suna kamar yadda ake karanta sunan kowane littafi ba.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829, a can kabarinsa yake. Sarkin Musulmi Bello ya bi shi a 1837, aka rufe shi a Wurno. Zuri'ar Abdullahi suka ci gaba da riƙon Gwandu, zuri'ar Shehu suka riƙe Sakkwato, kuma har Turawan Ingila suka shigo birnin a 1903 gidajen nan biyu ba su taɓa ɗaura wa juna yaƙi ba. Idan Allah Ya kai ka ziyara Hubbaren Shehu, ka ƙara ɗan ƙoƙari ka isa Gwandu, ka yi wa Malam Abdullahi addu'a.