Yadda haraji ke biya wa yara kuɗin makaranta a Amurka

Uwargida, idan kina da 'yar'uwa ko ƙawa da ke aure a Amurka, wataƙila kin taɓa jin ta tana kukan kuɗin makarantar yara. Makarantar gwamnati a can kyauta ce, sai dai ba a karantar da addini a cikinta, domin tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Uwar da ke son ɗanta ya haɗa boko da Alƙur'ani a wuri ɗaya, dole ta nemi makarantar kuɗi, wadda ke cin dubban daloli a shekara. To, akwai wata hanya da jihohi da dama suka buɗe wa irin waɗannan iyaye, kuma ta cikin haraji ta bi.

Jihar Arizona ce ta fara a shekarar 1997. Dokarta ta ce duk wanda ya ba da gudummawa ga wata ƙungiya mai biya wa yara kuɗin makaranta, za a cire masa daidai abin da ya bayar daga harajin da jiha ke bin sa, har zuwa dala 500 a wancan lokacin. Bari in ba ki misali. A ce maigida zai biya jiha harajin dala 2,000, sai ya miƙa wa ƙungiyar dala 500. Ranar lissafi dala 1,500 kawai zai ba gwamnati. Wato ko sisi bai ƙara fita daga aljihunsa ba, wurin da kuɗin za su je ne kawai ya zaɓa. Ita kuma ƙungiyar sai ta raba wa yaran da iyayensu suka nema, su kai makarantar da suke so, ta coci ce ko ta Musulmi ko wadda babu ruwanta da addini. Amma ba a yarda mutum ya ce a ba ɗansa na cikinsa abin da ya bayar ba.

A 2001 jihohin Florida da Pennsylvania suka bi sahu, su kuma kamfanoni suka fi sa wa ido. A Pennsylvania kamfani na samun rangwamen kashi 75 cikin ɗari na abin da ya bayar, idan kuwa ya yi alƙawarin bayarwa shekara biyu a jere sai ya zama kashi 90.

Tun farko aka yi ta ja-in-ja a kan tambaya ɗaya: shin kuɗin nan na waye? Masu adawa suka ce na gwamnati ne, tunda da ba don dokar ba baitulmali za su shiga, a biya malaman makarantun gwamnati inda akasarin yara suke karatu. Masu goyon baya suka ce kuɗin da bai taɓa shiga asusun gwamnati ba na mai shi ne. Magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka a 2011 a kan dokar Arizona, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce masu ƙarar ba su da hurumin shigar da ita, domin gudummawar dukiyar mutane ce ba ta baitulmali ba. A 2020 kuma wata uwa mai suna Kendra Espinoza, wadda ke riƙon 'ya'yanta mata biyu ita kaɗai, ta yi nasara a kan jihar Montana da ta hana makarantun addini cin moriyar shirinta. Kotu ta ce ba dole ba ne jiha ta tallafa wa makarantun kuɗi, amma idan ta fara, ba za ta ware wata don ta addini ce ba. Makarantar Kirista 'ya'yan Kendra suke zuwa, sai ga shi hukuncin ya zama inuwa ga makarantun Musulmi su ma.

A nan zan ɗan tsaya, a matsayina na malamar Islamiyya. Mutumin da ya ba da dala 500 aka mayar masa da su cif, ya yi alheri, Allah ya ba shi ladan niyyarsa, amma a ganina bai kamata ya lissafa su cikin zakkarsa ba, domin babu abin da ya ragu daga dukiyarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin jihar Illinois, inda birnin Chicago yake da ɗimbin Musulmi. A 2017 aka kafa irin wannan shiri a can da rangwamen kashi 75, amma aka sa masa wa'adi. Da wa'adin ya cika a ƙarshen 2023, majalisar jiha ta ƙi sabunta shi, bayan ƙungiyoyin malaman makarantun gwamnati sun matsa lamba. Yara sama da 9,000 ne suka rasa tallafinsu. Ni da nake aji kullum, na san yadda ake ji idan aka kira sunan yarinya a rajista aka ji shiru, daga baya a ce kuɗin wata ne ya gagari mahaifinta. Ki ƙaddara yarinyar da ta saba da malamanta shekara biyar, ta kai tsakiyar hadda, rana ɗaya a ce ta nemi wata makaranta, ba don ta yi laifi ba sai don ƙuri'a ta juya a majalisa. Su ma dai masu adawar ba za a ce ba su da hujja ba, domin yaron makarantar gwamnati shi ma ɗan wata ne.

A watan Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata doka da ta ɗauko tsarin zuwa matakin tarayya: daga 2027 mutum zai iya samun rangwamen har dala 1,700 a harajin tarayya idan ya ba irin waɗannan ƙungiyoyi. Sai dai yaran jihar da ta amince ta shiga ne kaɗai za su samu. Don haka idan 'yar'uwarki ta sake bugo waya tana zancen kuɗin makaranta, ki tambaye ta ko jiharsu ta shiga.