Maganin Fumfuna da Ɗan Ragon da Ke Ciki

Duk wanda ya ratsa fadamun Aliero zuwa Jiga Makera a lokacin noman rani zai ga masu albasa goye da famfon feshi. Cutar da ke ƙone lawashi ba ta jira, shi ya sa manomi ba ya wasa da maganin fumfuna irin su mankozeb. Amma a bakin fadamar nan tumaki da awaki suke kiwo, cikinsu har da masu ciki.

Tun 1994 Earl Gray da William Kelce, masana a hukumar kare muhalli ta Amurka, suka ba ɓeraye masu ciki wani maganin fumfuna mai suna binklozolin. Iyayen ba su nuna wata babbar alamar illa ba. 'Ya'yansu maza ne suka ɗauki nauyin: wasu ƙofar fitsarinsu ta buɗe a ƙasan mazakuta, wasu marainansu ba su sauko ba, wasu kuma sun fito da kan nono irin na mata. Dalili shi ne, maganin kan narke a jiki ya koma sinadaran da ke toshe wurin da testosteron ke kamawa, a daidai kwanakin da ake gina halittar namiji. In kwanakin sun wuce, ba gyara. A 2005 Michael Skinner da abokan aikinsa suka ba da rahoton ƙarancin maniyyi har a jikoki da tattaɓa-kunnen irin waɗannan ɓeraye, kodayake da magani mai yawa suka yi gwajin, kuma masana sun yi ta muhawara a kai.

Mankozeb ba ta wannan hanyar yake bi ba, ya fi taɓa maƙoƙo. Duk da haka Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa a ƙarshen 2020, bayan an sa shi cikin sinadarai masu illa ga haihuwa.

A ganina matsalar makiyayi ita ce jinkirin alamar. Tunkiya wata 5 take ɗaukar ciki, ɗan ragon kuma sai ya girma kafin a gane ba ya barbara. Wa zai tuna da famfon da aka wanke a kududdufin da uwarsa ta sha ruwa bara? Sai a ce iri ne ya lalace, a kai shi kasuwar Jega. Ciyawar gefen gonar da aka yi wa feshi, da ragowar irin shuka mai magani da ake watsa wa kaji, su ya kamata malaman gona su fara ambata, kuma dabba mai ciki ita za a fara nisantarwa.