Kifin Teku: Yadda Za Mu Gane Shi Da Ido

Mu da muka tashi nesa da teku mun san kifin kogi sarai. Yaro ma ba ya ruɗa tarwaɗa da karfasa, balle giwan ruwa da kurungu. Amma yau kifin da ya fi yawa a tukwanen gidajenmu na birni kifin ƙanƙara ne, wanda aka kamo cikin ruwan gishiri, aka sauke a Legas ko Fatakwal, sa'an nan manyan motoci suka hauro da shi cikin katan. Uwargida takan tsaya gaban tebur, mai kifi ya faɗa mata suna, ta biya, ta tafi. In ya ce titus ne, shi ke nan titus ne. To, kuɗin titus ya fi na kote, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai faɗi gaskiya ba. Domin wannan muka ga ya kamata mu duba alamun da kowane kifi yake ɗauke da su a jikinsa.

Bari mu fara da titus ɗin. Ku dubi bayansa. Za ku ga shuɗi-shuɗi ne ko kore-kore, da baƙaƙen zane masu lanƙwasa kamar an ja su da alƙalami, cikinsa kuwa fari fat. Jikinsa sumul yake, gama ɓawonsa ƙanana ne ƙwarai har hannu ba ya jinsu. Kusa da wutsiya akwai 'yan ƙananan fikafikai a jere, sama biyar ƙasa biyar galibi. Irin wannan daga ruwan sanyi na arewacin Turai ake kamo shi, wajen Norway da maƙwabtanta. Kifin da ke cikin gwangwani mai suna Titus kuwa sadin ne, ba danginsa ba ne, sunan kawai suka haɗa.

Kote shi ne wanda aka fi ba mutane a madadin titus, musamman in an yayyanka. Ga hanya mai sauƙi: ku shafa yatsa a gefen jikinsa daga wutsiya zuwa kai. Za ku ji wani layi na ɓawo mai tauri yana kartar hannu kamar zarto. Titus ba shi da wannan ko kaɗan. Idon kote babba ne, kuma yana da ɗan baƙin tabo a bakin murfin kunnensa. Ko gunduwa ɗaya aka ba ku, layin nan yana nan. A ganinmu kote ba abin rainawa ba ne, namansa yana tsayawa cikin miya ba ya dagargajewa; abin da ba mu so shi ne a saye shi da kuɗin wani.

Shawa kuwa fiffike ɗaya tak gare shi a tsakiyar baya, ɓawonsa manya masu zuba da an taɓa, leɓensa na ƙasa ya ɗan fi na sama tsawo. Ƙayarsa sirara ce, ga yawa, saboda haka a tsince ta da kyau kafin a ba ƙananan yara. Ɗan'uwansa bonga ya fi shi fāɗi, cikinsa yana da kaifi kamar bakin wuƙa. Shi namu ne na gaɓar Afirka ta Yamma, yana son bakin koguna inda ruwan daɗi yake gamuwa da na gishiri, kuma a bande muka fi ganinsa a kasuwa.

Panla dogo ne, namansa fari marar mai, bakinsa babba. Busasshen kifin nan mai taurin itace da 'yan'uwanmu Ibo suke kira okporoko danginsa ne. A tsibiran Lofoten na Norway ake rataye shi a iska tun daga Fabrairu har wajen Mayu, ba gishiri, ba hayaƙi, sanyi da iska kaɗai suke busar da shi.

Waɗanda aiki ko ciniki ya kai su bakin teku, ko Legas ko Ankara ko Duwala, za su tarar da waɗansu irin da ba safai suke isowa arewa ba. Gaɓar Nijeriya kaɗai ta kai wajen kilomita 850. Akwai kuroka, wanda wutsiyarsa ba ta rabu biyu ba, ta yi tsini a tsakiya, fiffiken bayansa kuma dogo ne har kusa da wutsiya. Yana yin gurnani cikin ruwa, kuma in kuka fasa kansa za ku sami fararen duwatsu biyu, waɗanda da su yake ji. Akwai wani mai hanci mai sheƙi, bakinsa a ƙasa, da zaruruwa huɗu a ƙirji da yake lalube da su cikin laka. Barakuda dogo ne kamar mashi, haƙoransa za su tuna muku da tsage.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne kifin nan mai shimfiɗaɗɗen jiki kamar tafin takalmi, idanunsa biyu duk a gefe ɗaya. Ba haka ake ƙyanƙyashe shi ba. Yana ƙarami yana da ido hagu da dama kamar kowane kifi. Sa'ad da yake girma sai ido ɗaya ya yi ta matsowa a hankali har ya zagayo wajen ɗan'uwansa, kifin kuma ya kwanta a kan yashi da gefen da ba ido. Gefen nan fari ne, na sama kuwa launin ƙasa, har mai wucewa ba zai gan shi ba.

Akwai wanda dole a guje shi. Masuntanmu sun san talibambam mai kumbura ciki in an taɓa shi. Teku tana da irinsa da yawa. Alamarsa haƙora huɗu manne da juna kamar bakin aku, ba shi kuwa da ɓawo irin na sauran kifi. Dafi yana cikin hantarsa da ƙwansa, wani lokaci har fata, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Ya kashe mutane a ƙasashe da dama.

Titus da danginsa ma suna da nasu hatsarin in sun daɗe cikin zafi bayan ƙanƙara ta narke. Wata guba takan taru cikin naman, wadda suya ba ta kawar da ita. Wanda ya ci sai ya ji yaji-yaji a baki, fuska ta yi zafi, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, sau da yawa tun sa'a ɗaya ba ta cika ba. Saboda haka kafin ku biya, ku ɗaga murfin kunnen ku duba naman da kifi yake numfashi da shi: ja ake so, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Ku danna jikin da yatsa. In ramin ya zauna bai taso ba, ko ciki ya fashe, a bar wa mai shi kayansa. In kuwa wani ya ci har numfashi ya soma yi masa wuya, a kai shi asibiti nan da nan.