Hazon Maikunkele da harshen da kwamfutoci ke amsa wa juna

Duk ma'aikacin da ya taɓa jiran jirgi a lokacin hunturu ya san yadda hazo ke wargaza shirin yini guda. A filin jirgin saman Minna da ke Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, kamar a kowane fili, matuƙi ba ya wadatuwa da ɗaga kai ya dubi sama. Yana dogara ne da wani gajeren rahoton yanayi mai suna METAR, wanda a Nijeriya hukumar NiMet ce ke da alhakin fitar da shi.

Rahoton layi ɗaya ne na haruffa da lambobi. DNMN ita ce alamar filin Minna a kundin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Idan aka rubuta 3000 HZ, ana nufin ido na hangen mita 3,000 kuma akwai hazo. Matuƙi ya haddace mazaunin kowace lamba, amma kwamfuta ba ta da wannan basira: lamba ɗaya ta goce daga gurbinta, sai fassara ta karkace. Wannan na cikin dalilan da suka sa ICAO ta wajabta, tun daga Nuwamban 2020, a riƙa musayar irin waɗannan rahotanni tsakanin ƙasashe da tsarin IWXXM, wanda aka gina a kan XML.

Shi XML, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a Fabrairun 1998, hanya ce ta liƙa wa kowane bayani sunansa. Ana buɗe alama, a zuba bayanin, a rufe alamar. Nisan gani na cikin gidansa, ƙarfin iska na cikin nasa, har da ma'aunin da aka yi amfani da shi.

To, yaya manhajar intanet ke samar da irin wannan amsa? Masu gina manhaja sukan ɗora aikinsu a kan wani shiryayyen ginshiƙi, irin su Django, Spring ko Ruby on Rails. Idan buƙata ta shigo, takan zo da bayanin irin amsar da ake so. Mutum ya tambaya, a ba shi shafin karantawa. Wata kwamfuta ta tambaya, a ɗebo bayanin daga rumbu ɗaya, a zuba shi cikin XML, a kuma sanar da ita abin da aka aiko.

XML ba ya yafe kuskure. Alama ɗaya aka manta ba a rufe ba, kwamfutar da ke karɓa za ta ƙi takardar baki ɗaya. Harafin & ma, idan aka saka shi tsirara a cikin suna, ya isa ya lalata saƙon. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su zama shirme idan ɓangarorin biyu ba su daidaita a kan tsarin haruffa irin UTF-8 ba. Shi ya sa ƙwararru ba sa harhaɗa XML da hannu. Sukan bar wa kayan aikin da ke cikin ginshiƙin, sannan su gwada sakamakon da ƙa'idar da aka amince da ita kafin ya fita.

Jami'in da aka kawo wa sabon shafin ma'aikata domin ya sa hannu, yawanci fuskar shafin ake nuna masa: launi, tambari da hoton shugaba. Ya dace ya ƙara da tambayoyi uku. Wace amsa manhajar ke bai wa kwamfutar wata hukuma? Da wace ƙa'ida aka gwada ta? Idan an ƙi saƙo da tsakar dare, wa zai sani? Ɗan kwangilar da ya iya aikinsa zai amsa su a zama ɗaya, ya kuma nuna shaida a allon kwamfuta.