Zaɓen Manhajar Zanen Injuna: Bayani Ga Malaman Sana'a Da Maƙera

A garin Potiskum, mazaunin Mai Martaba Sarkin Fika, sana'ar ƙarfe tana ciyar da gidaje masu yawa, tun daga masu haɗa bodin manyan motoci har zuwa masu gyaran injin niƙa. A nan ne kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha take horar da malamai. Duk wanda ke wannan aiki ya san cewa idan awo ya kuskure a zane, ƙarfe da kuɗi ne za su salwanta. Domin haka ya wajaba a san bambancin manhajojin da ake zana injuna da su a kwamfuta kafin a kashe ko kwabo.

AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a 1982, ita ce aka fi sani. Ƙarfinta yana wajen zane shimfiɗaɗɗe, watau irin na allo da tsinken zane: tsawo da faɗi. Tun 2016 kamfanin ya daina sayar da ita kacokan, sai dai a riƙa biyan kuɗin haya.

SolidWorks ta fito a 1995, kamfanin Dassault na Faransa ya saye ta a 1997. Da ita ana gina siffar ƙarfen sukutum, mai tsawo da faɗi da kauri. Abin lura a nan shi ne, ma'aunan suna ɗaure da juna. Idan injiniya ya ɗaura kaurin noti da faɗin hudar da zai shiga, sa'an nan ya canza ɗaya, ɗayan zai bi shi da kansa. Har ila yau ana iya harhaɗa sassan injin a juya su, a ga inda za su gogi juna tun ba a yanka ƙarfe ba. Amma tana da tsada ƙwarai, tana kuma bukatar kwamfuta mai ƙarfi.

Fusion, ita ma ta Autodesk, tana ajiye aiki ne a intanet. Wannan alheri ne ga masu aiki tare daga garuruwa dabam-dabam, amma wahala ce ga maƙerin ƙauye inda layi ke yankewa.

Sai FreeCAD, wadda kyauta ce, kuma fitowarta ta 1.0 ta zo a 2024. Ba ta kai sauran santsin aiki ba, kuma koyonta yana son haƙuri. Duk da haka, ga makarantar da ke da ɗalibai da yawa da kuɗi kaɗan, ta fi kofen sata da ake sayarwa a kasuwa nesa ba kusa ba, domin kofen sata ya saɓa wa doka, sau da yawa kuma yana ɗauke da cutar kwamfuta.

Ko wace aka zaɓa, idan za a aika siffar ƙarfe ga wani mai aiki da manhaja dabam, a ajiye ta da tsarin STEP, wanda dukkan huɗun suke iya karantawa.