Gane Tsofaffin Ganguna Masu Zaga da Hanyoyin Gyaransu a Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Zaga ita ce 'yar siririyar igiya ta fata ko ta jijiya wadda ake gittawa a kan fuskar ganga domin ta riƙa karkarwa idan an buga, ta ba kiɗa wani amo mai kaushi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake gane tsofaffin ganguna masu zaga a Yola da Jimeta, da matakan gyaransu. Al'amarin ya shafi masana harshe, domin duk sashen ganga da aka musanya da roba ko ƙarfe, sunansa na gargajiya yakan bi shi ya ɓace daga bakin jama'a.

2.0 Asalin Gangunan

Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841, ta zama hedikwatar Fombina. Fadar Lamido ta ɗauki tsarin kiɗan sarauta mai kama da na ƙasar Hausa da Barno, inda ake haɗa ganga da algaita da kakaki. Wannan cuɗanya ta bar gurbi a harshe: kalmar "ganga" tana cikin Hausa da Barbarci, tana kuma bakin 'yan Ginawa na Maroko, alhali Fulfulde tana da tata kalmar, wato "mbaggu", jam'i "bawɗi".

Iri na biyu ya shigo ne tare da Turawa, musamman bayan da sojan Ingila suka ci Yola a 1901 a zamanin Lamido Zubairu. Jimeta ta bunƙasa a bakin kogin Binuwai a matsayin garin ciniki da ma'aikata, kuma ta hanyar bariki da makarantu da majami'u aka saba da gangar fareti ta badujala. Saboda haka mai bincike yakan tarar da zuriya biyu a wuri guda.

3.0 Hanyoyin Ganewa

3.1 Gangar Gargajiya

Littafin Ames da King na 1971 a kan ƙamus ɗin kiɗan Hausa ya sanya ganga da kotso da kuntuku cikin masu zaga. Siffar kango ce take bambanta su: ganga miƙaƙƙiya ce mai fuska biyu, kotso yana da tsukakken ƙugu da fuska ɗaya, kuntuku kuwa ya yi kama da akushi. Bayan siffa sai a duba abubuwa uku. Na farko, cikin kango: tsohon aiki daga gungume ɗaya ake fafe shi, kuma sawun gizago yakan fito fili, kaurin bango bai cika daidaita ba. Na biyu, irin itacen, kamar alilliba ko ƙirya. Na uku, wuraren da hannu da maratayi suka goge har suka yi sheƙi. Ya kamata a lura cewa fata ba ta nuna shekarun ganga, domin ana sauya ta sau da yawa a rayuwar kango ɗaya.

3.2 Gangar Badujala

Kangon wannan na tagulla ne ko na siririn katako da aka lanƙwasa, zagarta kuma tana ƙasa, a fuskar da ba a bugawa. Tsofaffin sun dogara da igiya da kunnuwan fata wajen ɗaure fuska, na baya kuma da sandunan ƙarfe masu noti. Zagar hanji ta girmi ta waya. Fuskar roba ta fara yaɗuwa ne daga 1957, don haka ganin ta a kan tsohon kango alama ce ta gyara. Tambarin kamfani, kamar na Premier da aka kafa a Ingila a 1922, da zanen alamar runduna, su ne shaida mafi ƙarfi.

4.0 Matakan Gyara

Yanayin Yola ba ya rangwanta wa fata da itace. Hunturu yana busar da fata har ta tsage, zafin bazara da yakan haura digiri 40 yana tsaga kango, damina tana sa fata ta saki ta yi fumfuna, ga kuma gara. Gyara mai kyau yana bin wannan tsari:

(a) Kafin a kwance komai, a ɗauki hoto, a auna, a rubuta sunan kowane sashe da Hausa da Fulfulde daga bakin makaɗin, tare da karin sauti.

(b) A share kango da busasshen buroshi. Ba a kankare shi, ba a sabunta fenti, domin tsohon launi da tambari su ne tarihinsa.

(c) A cike ƙananan tsaga da abin da za a iya cirewa daga baya, kamar kakin zuma, maimakon gam mai ƙarfi ko ƙusa.

(d) A jiƙa fatar akuya wadda aka cire wa gashi, a ɗora ta tana da laima, a ja tsarkiya daidai ta kowane gefe, a bar ta ta bushe a inuwa.

(e) Zaga ce ƙarshen ɗauri. In ta yi tsauri amo ya shaƙe, in ta yi sako-sako ya watse, don haka kunnen makaɗi ne ma'auni.

Tsohuwar fata da zagar da aka cire ba a zubar da su. A adana su tare da bayaninsu.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne a bambanta gangar da za ta koma fagen kiɗa da wadda za ta zauna a gidan tarihi: ta farko tana buƙatar sabuwar fata, ta biyu kuwa ƙarancin taɓi ya fi mata. A kowane hali, ilimin gyaran yana hannun dattawan makaɗa, kuma kalmomi irin su zaga da kirinya da tsarkiya da nake suna raye ne muddin ana aikin. Akwai buƙatar sassan nazarin harsuna su haɗa kai da fada da gidajen tarihi wajen tattara waɗannan kalmomi cikin Hausa da Fulfulde tun masu su suna da rai.