Harshen Wendat Da 'Yan Haruffan Da Ke Riƙe Da Shi

Daga wakilinmu na Arewa

Yau za mu leƙa ƙasar Kanada, wajen wata ƙabila mai suna Wendat, wadda Faransawa suka laƙaba wa Huron. Asalin mazauninsu yana cikin lardin Ontario na yanzu. A 1649 yaƙi ya tarwatsa su, waɗansu suka gangara kusa da birnin Kebek, inda garinsu Wendake yake har yau. Sannu a hankali Faransanci ya cinye harshensu, har aka wayi gari babu mai jin sa.

To, abin mamaki a harshen nan shi ne wakilin suna. Mu Hausawa mukan ce na tafi, ya tafi, sun tafi, kowace kalma a ware. Su kuwa manna shi suke yi a goshin aikatau, su zama kalma guda, kuma babu aikatau da zai tsaya ba shi. Ye- na nufin ni, ha- shi, hati- su maza. In kuwa abin a kan mutumin ya faɗa, sai ha- ya koma ho-.

Ba a nan ta tsaya ba. Bayan tilo da jam'i, suna da siga ta mutum biyu kawai. Bahaushe in ya ce mu tafi, sai ka tambaya, har da ni? Bawendate ba ya bukatar tambaya, domin ɗafa-goshin ya riga ya nuna ko da kai ko ban da kai. Haka kuma ɗafa-goshi ɗaya kan haɗa mai yi da wanda aka yi wa, kamar ni-gare-ka. Sa'an nan siffarsa kan sauya bisa ga sautin da aikatau ya fara da shi.

Ina aka samo duk wannan? Daga takardun limaman Kirista, irin su Gabriel Sagard, wanda ya buga ƙamus a 1632, da Pierre Potier a ƙarni na 18. A 2007 mutanen Wendake da Jami'ar Laval suka ƙaddamar da shirin Yawenda don farfaɗo da harshen.

Aikin ba wasa ba ne, gama babu tsohon da ya rage da zai gyara musu kuskure. Harafi ɗaya in ya goce, wanda ya ba da bashi sai ya koma wanda ake bi. Allah ya ba su sa'a, amin.